BARADE BAKWAI DA MANOMAN DA SUKA CI GERO: WANI TSOHON FIM NA JAPAN DA HALIN DA ƘASAR TSAFE KE CIKI

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya

 

     

Lokacin da kwamitin shirya wannan taro ya nemi mu yi jawabi, mun san abin da yake zato shi ne maganar ilimi ko ta asibiti ko ta hanya, kamar yadda aka saba. Da muka ce fim za mu yi magana a kansa, fim ɗin ma na Japan, baƙi da fari, wanda ya girmi mafi yawan waɗanda ke zaune a wannan zaure, sai wani daga cikin dattawan kwamitin ya dube mu ya ce, to, a wannan halin da gida ke ciki har akwai mai natsuwar kallo? Tambayarsa tana kan hanya, kuma ita ce dalilin zaɓen da muka yi. Akwai maganganun da idan aka faɗe su kai tsaye a gaban jama'a, kowa zai fara lissafin da wa ake. Idan kuwa aka ɗauko su daga wata ƙasa mai nisa, ta mutanen da ba mu haɗa dangi ko gona da su ba, sai a iya saurare har ƙarshe.

Waɗanda suka yi samartaka tare da mu za su tuna yadda muke tara kuɗin mota mu tafi Gusau kallon fim ɗin Indiya mai suna Sholay, wanda ya fito a 1975, inda Amitabh Bachchan da Dharmendra suka tsaya wa wani ƙauye a kan ɗan fashin nan Gabbar. A lokacin ba mu san cewa labarin yana da kaka ba. Kakan nasa shi ne Shichinin no Samurai, wanda Turawa ke kira Seven Samurai, mu kuma a nan za mu kira shi Barade Bakwai. Akira Kurosawa ne ya shirya shi a kamfanin Toho, ya fito a watan Afrilu na 1954, tsawonsa minti 207, wato kusan sa'a uku da rabi. A shekarar da ya fito ya ci lambar yabo a bikin fina-finai na birnin Benis a Italiya, a 1960 kuma Amurkawa suka juya shi zuwa fim ɗin kaboyi mai suna The Magnificent Seven. Su Indiya da Amurka sun ɗauki jarumtaka da barkwanci, amma sun bar abu mafi ɗaci a cikin na asalin, wanda shi ne ya shafe mu.

Labarin ya faru ne wajajen shekarar 1586, a ƙarshen wani zamani da Japan ta shafe fiye da shekara ɗari sarakunan yankuna na yaƙar juna. Samurai su ne baraden wannan zamani, masu takobi da sulke da kwalkwali, kowannensu yana ƙarƙashin ubangida, kamar yadda barade da 'yan lifida suke a fadojin ƙasar Hausa a da. Idan aka ci ubangida da yaƙi, baradensa sai su watse, wasu su nemi sabon ubangida, wasu su yi ta yawo da yunwa, wasu kuma su shiga daji su koma fashi. Saboda haka barde da ɗan fashi a wannan zamani kusan tsatsonsu ɗaya, abin da ya raba su hali ne kawai.

Fim ɗin ya buɗe da mahaya dawakai a kan tudu suna leƙen wani ƙaramin ƙauye. Suka tuna cewa da kakar da ta wuce sun kwashe shinkafar garin, don haka suka yanke su jira sai sha'ir ya nuna su dawo. Wani manomi da ya ɓuya a cikin ciyawa ya ji su, ya ruga ya kai labari. Taron da mutanen ƙauyen suka yi a dandali shi ne abin da muke roƙon kowa ya kalla, ko da ba zai kalli sauran ba, domin babu ra'ayin da aka faɗa a wurin wanda ba a faɗa ba a Kizara ko Wanzamai ko Kunchin Kalgo. Wani ya ce a kai kuka wurin hukuma, aka ce masa hukuma ba ta zuwa sai an gama ɓarna. Wani ya ce a durƙusa wa ɓarayin, a ba su amfanin gona, a roƙe su su bar abin da za a ci kada a mutu. Wani saurayi mai suna Rikichi, wanda daga baya za mu gane cewa sun riga sun tafi da matarsa, ya ce a fere gora a yi masu a soke su. Mata na kuka, maza sun sunkuyar da kai. Daga ƙarshe aka tafi wurin tsohon garin, shi kuma ya ce a je birni a ɗauko barade. Da aka ce masa ba su da abin biya sai abinci, sai ya ba su shawarar su nemo baraden da yunwa ta kama.

Manoma huɗu suka tafi birni da tulun shinkafa. A nan ne muke so mu ɗan daɗe. Sun sauka a wani masauki na talakawa, inda 'yan ƙwadago da 'yan caca ke kwana. Kwana da kwanaki suna tsaye a bakin titi suna kallon barade na wucewa, wanda suka tunkara ya hankaɗe su, wani ma ya ci shinkafarsu ya yi gaba. 'Yan birnin da ke masaukin ba su da abin dariya sai su, suna kwaikwayon tsoronsu, suna ce musu da ma sun rataye kansu sun huta. Duk wannan lokaci manoman ba sa taɓa shinkafar, sun ajiye ta don baƙin da suke nema, su kuma wani irin gero mara daɗi suke ci. Da suka samu wani tsohon barde mai suna Kambei, wanda suka gani da idonsu ya aske kansa ya yi shigar malamin addinin Buda don ya ceto yaro daga hannun ɓarawo, shi ma da farko ya ƙi, ya ce aikin yana bukatar aƙalla mutum bakwai, kuma shi ya gaji da yaƙe-yaƙen da bai taɓa cin ko ɗaya ba. Abin mamaki, ɗaya daga cikin 'yan ƙwadagon nan masu ba'a ne ya fusata, ya ɗauki kwanon shinkafar ya miƙa wa Kambei, ya nuna masa cewa mutanen nan gero suke ci don shi ya ci fara, kuma iyakar abin da suka mallaka ke nan. Kambei ya karɓi kwanon, karɓar da ta zama alkawari.

Jama'a, idan muka nemi kanmu a cikin wannan fim, kada mu yi saurin shiga sahun barade. Mu mazauna birni, wurinmu yana cikin masaukin nan. Mu ne waɗanda ɗan'uwa ke tasowa daga gida ya same mu a ofis ko a shago, ya zauna a kan benci sa'a biyu yana jiran mu gama waya, alhali abin da ya kawo shi kuɗin fansar 'yarsa ne, ya riga ya sayar da shanun huɗa da hatsin da ya rage a rumbu. Da yawanmu da geron waɗannan mutane aka biya mana kuɗin makaranta. Buhun masara da na wake da ake ɗoro mana a mota kowace kaka daga wurinsu yake fitowa, kuma a shekarun nan akwai buhun da sai da aka biya 'yan bindiga haraji kafin a shuka shi, aka sake biya kafin a girbe shi. Amma sau nawa muka ji ɗan Tsafe a Abuja yana cewa ai mutanen ƙauye su suka jawo wa kansu, ko yana gargaɗin iyalinsa kada su ba baƙi daga gida lambar wayarsa? Ba mu ce tsoron ba shi da dalili ba, mu ma muna jin sa. Amma ɗan ƙwadagon fim ɗin, duk da bakinsa, ya fi mu a wuri ɗaya: ya yi magana a gaban mai takobi a madadin wanda ba ya iya magana.

Da baraden suka isa ƙauyen, abin da Kambei ya fara yi ba shi da armashi ga mai neman kallon sara da suka. Ya ɗauki taswirar garin ya zagaya shi da ƙafa, gabas da yamma, kudu da arewa. Ya ƙidaya gidaje, ya ƙidaya mazan da za su iya riƙe mashi, ya raba su rukuni-rukuni. Wani ɓangare aka yi masa kafi da itace, wani aka malala masa ruwa bayan an girbe sha'ir, gadar rafi aka cire ta, aka bar kafa ɗaya da gangan don a riƙa shigo da mahayan ɗaya ko biyu a rufe su. Ɓarayin arba'in ne, ya zana da'ira arba'in a takarda, duk wanda ya faɗi sai ya soke ɗaya. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurin kakanninmu. Waɗanda suka baro 'Yandoto bayan yaƙin da Muhammadu Bello ya kai mata a farkon ƙarni na 19 ba su zaɓi gindin duwatsun Tsafe don sha'awar kallo ba, haka mutanen Kwatarkwashi ba su manne wa dutsensu a banza ba. Ganuwa da gwalalo da ƙofa da sarkin ƙofa, duk lissafi ne na mutanen da suka san yawan kansu da yawan abin da ke iya zuwa musu. Mu jikokinsu, da digirorinmu da kwamfutocinmu, wa zai iya tashi a wannan zaure ya faɗi adadin ƙauyukan ƙasar Tsafe da suka tashi, da sunayensu?

Akwai gidaje uku da injin niƙa da ke hayin rafi, a wajen kafin. Kambei ya ce a bar su, domin ba za a sadaukar da gida ashirin saboda uku ba. Masu gidajen suka jefar da masu suka ce za su je su tsare nasu, shi kuma ya zare takobi ya maido su cikin sahu, kuma wannan ne kawai lokacin da ya zare wa manoma takobi. A lissafin yaƙi yana da gaskiya. Amma Kurosawa bai bar mu mun huta da wannan gaskiyar ba, domin ya nuna mana gidajen suna ci da wuta, tsohon garin ya ƙi barin injinsa ya mutu a ciki, masu gidajen kuma suna kallo daga bayan shinge. Garin Tsafe da Gusau su ne gida ashirin ɗin. Mutanen gida ukun su ne ke kwana a kangaye da rumfunan kasuwa da zaurukan dangi, 'ya'yansu na yawo da kwano. Bambancin shi ne, a fim ɗin an shigo da su cikin gari an ba su wuri a sahu.

Yanzu ga wurin da Indiya da Amurka suka sassauta. Cikin baraden bakwai akwai wani mai suna Kikuchiyo, wanda Toshiro Mifune ya fito a matsayinsa, mai surutu da wauta, yana yawo da takardar asalin da ba tasa ba. Wata rana ya tono sulke da kwalkwali da masu da baka da manoman suka ɓoye, ya kawo wa 'yan'uwansa yana murna. Sai wuri ya yi tsit, domin baraden sun gane cewa kayan na 'yan'uwansu ne da suka gudo daga fagen fama a raunane, manoma suka fafare su suka kashe suka tuɓe. Ɗaya daga cikinsu har ya ce ji yake kamar ya karkashe mutanen garin. Kikuchiyo ya tashi ya zazzage musu: ya yarda manoma maƙaryata ne, marowata, matsorata, masu ɓoye abinci a ƙarƙashin daɓe, masu kisa idan sun samu sarari, sa'an nan ya tambaye su wa ya mayar da su haka, in ba baraden da ke ƙone musu gidaje, su tattake gonaki, su kwashe mata ba. Ya faɗi yana kuka, a nan aka gane ɗan manoma ne. Kurosawa kansa jikan samurai ne, amma ya sa wannan magana a bakin ɗan talaka, kuma bai wanke kowane ɓangare ba.

Muna roƙon afuwar iyayenmu, domin abin da za mu faɗa ba mai daɗi ba ne. Samarin da suka tashi da sunan sa-kai tun wajajen 2011, lokacin da satar shanu da fashi suka yi ƙamari, da yawansu sun ba da rayukansu don mu kwana lafiya, kuma ba za mu taɓa biyan su ba. Amma duk wanda ya zauna a gida a waɗannan shekaru ya san an kama mutane a tsakiyar kasuwa an yanka ba tare da alƙali ko shaida ba, wasu laifinsu kawai kamanninsu da harshensu. An ƙone rugage, an kwashe shanun da ba na sata ba. Kafin wannan ma, an nome burtali, an yanka gandun daji an raba wa masu hali, makiyayi kuma ya saba da cewa idan ya shiga hannun hukuma sai ya sayar da sa kafin ya fito. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya halatta abin da aka yi a Kizara a watan Yuni na 2013, inda aka kashe mutum 48 a safiya ɗaya, ko kwashe mutum wajen 80 a Wanzamai a watan Afrilu na 2023, mafi yawansu mata da yaran da suka fita neman itace. Wanda ya yi wannan azzalumi ne, ko mene ne aka yi wa ubansa. Amma a fim ɗin akwai wurin da aka kamo ɗan leƙen asirin ɓarayi, Kambei ya tsaya ya hana a kashe shi saboda kamamme ne, sai ga wata tsohuwa da suka kashe wa ɗa ta taho da fartanya, jama'a suka buɗe mata hanya, baraden suka kau da kai. Mai kallo yana tausayin tsohuwar, kuma yana ganin cewa daga wannan rana babu sauran mai iya cewa a tsaya.

To, kada mu ɗora wa fim abin da ba zai iya ɗauka ba. Ɓarayin Kurosawa arba'in ne, baƙi ne, ba su da dangi a garin, idan aka soke da'ira ta arba'in magana ta ƙare. Namu ba su ƙidayuwa haka. Da yawansu a nan aka haife su, kasuwa ɗaya muka ci da iyayensu, iyayenmu sun ba su kiwo, sun sha nononsu. Suna da babura da wayoyi, kuma duk wanda aka kashe yana da ƙane. Kwamitin da Gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, Muhammad Dahiru Abubakar, ya ba da rahoton cewa daga 2011 zuwa 2019 an kashe fiye da mutum 6,000 a jihar, mata kusan 5,000 sun rasa mazajensu, yara fiye da 25,000 sun zama marayu, mutum fiye da 190,000 sun bar gidajensu, an kuma biya fiye da naira biliyan 3 kuɗin fansa. Wannan kafin Jangebe ke nan, inda aka kwashe 'yan mata 279 daga makaranta a watan Fabrairu na 2021.

Kuma Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari. Kurosawa yana da wani fim ɗin, Yojimbo, na 1961, a kan wani gari da gungun 'yan daba biyu suka raba, attajirin siliki na bayan ɗaya, attajirin giya na bayan ɗayan. Mutum ɗaya ne kasuwarsa ke ci a garin, mai ƙera akwatin gawa, shi ma daga baya ya koma ƙorafi, domin da kisan ya yi yawa sai aka daina damuwa da akwati. Man fetur da burodi da ƙwayoyi da katin waya ba sa tsirowa a dajin Munhaye. Shanun sata ba a daji ake cinye su ba, tirela ke ɗaukar su zuwa biranen da muke zaune. Wannan ɓangaren yaƙin a cikin gari yake, kuma ya fi kusa da mu fiye da yadda muke so mu yarda.

Wani abin lura kuma shi ne bindiga. Turawan Fotugal ne suka kai ta Japan a 1543, ɓarayin fim ɗin kuma guda uku kacal gare su, irin bindigar toka da ake ɗurawa ta baki. Amma barade huɗun da suka mutu, babu wanda takobi ya kashe, dukkansu harsashi ne, har da Kyuzo, gwanin takobin da ya ƙare rayuwarsa yana goge gwanintarsa, wanda wani ya harbe daga cikin ɗakin da mata suka ɓuya. Duk mai tura yaro da bindigar toka da laya ya tari mai AK-47, ya kamata ya ga wannan wurin. Kuma a tarihi na gaskiya, jarumai bakwai ba su kawo wa Japan zaman lafiya ba. Shekara biyu bayan lokacin labarin, a 1588, Toyotomi Hideyoshi, wanda ya haɗe ƙasar ƙarƙashin iko ɗaya, ya ba da umarnin a karɓe takubba da masu da bindigogi daga hannun manoma, da cewa za a narka su a yi ƙusoshin ginin wani babban gunki a Kyoto. Ya sa aka auna gonaki aka rubuta mai kowace gona da abin da take bayarwa. Daga 1603 gidan Tokugawa ya karɓi mulki, ƙasar ta zauna fiye da shekara 250 kusan babu yaƙi. Manomi ya biya wannan zaman lafiya da haraji mai nauyi da ƙasƙanci, ba mu ce a yi koyi da hakan ba. Amma an karɓe makamin ne a lokacin da aka samu hukumar da ta isa ta hana wani ya zo masa da makami. Mu muna da tsarin mulkin 1999, wanda sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati.

An gwada hanyoyi da dama, kuma duk muna raye aka yi. A 2019 aka yi sulhu, aka samu sauƙi na ɗan lokaci, sa'an nan abin ya dawo. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, aka rufe kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da mai a jarka. Mu da ke birni mun yi makonni ba mu ji muryar iyayenmu ba. A watan Janairu na 2022 Gwamnatin Tarayya ta ayyana 'yan bindigar a matsayin 'yan ta'adda. A watan Yuni na shekarar gwamnatin jiha ta ce jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga, a watan Yuli kuma aka yi naɗin nan na 'Yandoton Daji da ya jawo surutu a ƙasa baki ɗaya. A ƙarshen Janairu na 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, su fiye da 2,600. A ra'ayinmu, askari mai rajista da albashi da shugaban da za a tuhuma idan ya yi ba daidai ba ya fi ɗan sa-kai da ba ya ƙarƙashin kowa, da sharaɗin a riƙa tuhumar da gaske. Mutumin ƙauye ya ga duk waɗannan sun wuce ta kansa, ba a taɓa tambayarsa ba, don haka idan ya je ya yi nasa sulhun a ɓoye don ya samu ya yi noma, mu da ke kwana a bayan katanga da mai gadi mu yi hattara da kiran sa maci amana.

Wannan ƙungiya ba runduna ba ce, kuma muna ba da shawara da babbar murya kada kuɗinta ya shiga sayen makami ta bayan fage, domin wanda ya saya ba shi ke zaɓar wanda za a harba ba. Abin da muke da shi wanda mutanen gida ba su da shi, shi ne alƙalami da sanin ƙofofin ofisoshi. Muna roƙon a kafa ƙaramin kwamiti a wannan zama, ya yi aiki da fada da hakimai da limamai, ya buɗe kundi gunduma-gunduma: ƙauyukan da suka tashi da inda mutanensu suke, makarantu da ɗakunan shan magani da aka rufe, gonakin da aka daina nomawa, waɗanda aka kashe da marayun da suka bari. A sa rugagen Fulanin da aka kora a cikin kundin, domin su ma 'yan ƙasar Tsafe ne, kuma kundin da ya tsallake su babu wanda zai yarda da shi a waje. Sunayen masu ba da bayani su tsaya a hannun mutum biyu ko uku amintattu, kowa ya san dalili. Da wannan kundi lauyoyinmu da 'yan jaridarmu da manyan ma'aikatanmu za su iya zama gaban 'yan majalisa da hukumomin agaji su yi magana da adadi, maimakon koke-koken da ake saurara a yi addu'a a watse. Daga cikinsa kuma za a san marayu nawa asusun tallafin karatu zai iya ɗauka a bana, a fara da 'ya'yan waɗanda suka mutu suna tsaron gari.

Fim ɗin ya ƙare da safiya mai haske bayan yaƙin ƙarshe da aka yi cikin ruwan sama da taɓo. Manoma na dashen shinkafa, ana kaɗa ganga ana waƙa. Barade ukun da suka rage suna tsaye a gefe, babu mai kallonsu, har yarinyar da ƙaraminsu ya so ta wuce shi ta shiga gona. Kambei ya ce da abokinsa wannan karon ma su ba su ci ba, manoma ne suka ci. Sai aka nuna tudun maƙabarta: kaburbura huɗu a sama, kowanne da takobi a kafe, a ƙarƙashinsu kuma jerin na manoma, waɗanda mai kallo bai san sunan mafi yawansu ba.

Mun taho da faifan fim ɗin, mai fassarar Turanci a ƙasa, mun damƙa shi ga sakatare. Reshen da ke so ya nuna wa mambobinsa sai ya tuntuɓe shi, a kuma samu wanda zai riƙa fassara wa iyayenmu. Takardar sunayen masu son shiga kwamitin kundin tana kan teburin da ke bakin ƙofa, muna bukatar aƙalla mutum ɗaya daga kowace gunduma kafin a tashi.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya mayar da kowa gidansa.